Me ya sa murya ba ta tsayawa a tsakiyar lasifikokina biyu?

Tambaya daga wani mai karatu a Agege: "Assalamu alaikum. Na sayi lasifikoki biyu da amfilifaya a kasuwar Alaba, kuma a shagon da aka gwada mini su na ji murya ta tsaya cak a tsakiya kamar mai maganar yana gabana. Da na kawo su gida sai abin ya canza: murya ta karkata hagu, kayan kiɗa sun cakuɗe, bes kuma yana yin gurnani har yana rufe magana. Falona tsawonsa mita 4.5 ne, faɗinsa mita 3.6, tsayin silin mita 3, ƙasa kuma tayil ne. Lasifikokin suna kan teburin talabijin, tsakaninsu mita 1.2, ta hagu tana kusa da kusurwa saboda na matsar da teburin don in bar hanyar shiga wajen cin abinci a ɓangaren dama. Kujerar da nake zama tana jingine da bangon baya. Shin amfilifayar ce ba ta da ƙarfi, in canza ta?"

Wa'alaikumus salam. Malam, na gode da ka kawo tambayar tare da awon ɗakin, domin da wannan awon ne za a iya ba ka amsa mai amfani. Abin da kake nema shi ne abin da mu masu aikin sauti muke kira hoton sauti, wato idan ka zauna ka rufe ido ka iya nuna da yatsa cewa ga mai waƙa a tsakiya, ga kalangu ta wajen dama, ga sarewa can baya ta hagu, alhali akwatuna biyu ne kawai a gabanka. Ka ji wannan a shago, ka rasa shi a gida, kuma kayan ba su canza ba a kan hanyar Alaba zuwa Agege. Abin da ya canza shi ne ɗakin da wurin da aka ajiye su. Saboda haka shawarata ta farko ita ce ka bar kuɗin amfilifaya a aljihunka tukuna, ka nemi tef ɗin awo irin na kafinta, da madubi, da mutum ɗaya da zai taya ka na tsawon yammaci guda.

Yadda kunne yake gane inda sauti ya fito

Ƙwaƙwalwa tana dogara ne da abubuwa biyu wajen sanin inda sauti yake. Na farko shi ne bambancin lokaci: sautin da ya taso daga dama yana riga isa kunnen dama kafin ya zagaya kai ya isa na hagu, kuma wannan ratar, ko a inda ta fi yawa, ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Na biyu shi ne bambancin ƙarfi, domin kai yana tare siririn sauti kamar yadda bango yake tare hasken rana, sai kunnen da ke nesa ya ji shi da rauni. Masanin kimiyyar Ingila Lord Rayleigh ya yi bayanin waɗannan hanyoyi biyu tun 1907, sannan a 1931 injiniya Alan Blumlein na kamfanin EMI ya shigar da takardar mallakar fasahar da muke kira sitiriyo, wadda aka gina ta a kan wannan ɗabi'a ta kunne.

A tsarin sitiriyo babu wata lasifika a tsakiya. Muryar da kake ji a tsakiya ƙwaƙwalwarka ce take ƙera ta, lokacin da lasifikar hagu da ta dama suka aiko da sauti iri ɗaya, da ƙarfi ɗaya, ya iso gare ka a lokaci ɗaya. Da ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan uku ya karye, muryar za ta gusa ko ta watse. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, a zafin Legas ma ya ɗan fi haka kaɗan, wanda yake nufin a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa yana cin sentimita 34. Idan lasifika ɗaya ta fi ɗayar kusa da kai da kusan wannan tazarar, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka cewa kusan duk sautin daga ta kusan yake fitowa, ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Wannan shi ne abin da ake dangantawa da Helmut Haas na Jamus, wanda ya yi bincikensa a 1949: sautin da ya riga isowa shi ne yake yanke hukuncin wuri. Ko bambancin sentimita 10, wanda ido ba zai lura da shi a falo ba, ya isa ya ja muryar gefe. Wannan ne dalilin da ya sa nake nacewa a kan tef ɗin awo, ban yarda da kiyasin ido ba, ko da nawa ne.

Idan muka ɗora wannan a kan falonka, matsaloli uku ne suka haɗu. Tsakanin lasifikokin mita 1.2 ne, kai kuma kana zaune kusan mita 4 daga gare su, don haka kusurwar da suke yi da kanka ba ta wuce digiri 17 ba, alhali ma'aunin da ɗakunan haɗa sauti suke bi shi ne digiri 60, wato 30 a hagu, 30 a dama. A wannan nisan kuma abin da yake isa kunnenka yawancinsa sautin da ya daki bango da tayil da silin ne ya dawo, wanda ya fito kai-tsaye daga bakin lasifika kaɗan ne a ciki. Sai kuma lasifikar hagu da take dab da bango: sautin da ya daki bangon ya dawo bai ƙara tafiyar da ta wuce sentimita 15 a kan na kai-tsaye ba, saboda haka yana isowa kusan tare da shi, ya ƙara wa hagu nauyi, ita kuwa ta dama tana zubar da nata sautin cikin wajen cin abinci. Karkatar da kake ji zuwa hagu daga nan take. Gurnanin bes kuma yana da nasaba da kusurwar da kuma kujerar da ta jingina da bango, zan zo kansa a gaba.

Abin da za ka duba kafin ka ɗaga komai

Kafin a fara jan kaya, akwai binciken da ba ya cin minti goma, kuma sau da yawa na je gidan mutum na tarar matsalar a nan ta ƙare. Duba wayoyin da suka tashi daga amfilifaya zuwa lasifikoki: ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi, a duka ɓangarorin biyu. Idan aka juya waya a lasifika ɗaya kawai, lokacin da fatar ɗaya take turowa gaba ta ɗayar tana ja da baya, sai murya ta rasa mazauni, ka ji ta kamar tana yawo a cikin kanka, bes kuma ya ragu. Idan wayar ba ta da launi, ka cire ta daga amfilifaya ka taɓa ƙarshenta da ƙaramin batirin tocila mai bolt 1.5 na ɗan lokaci kaɗan. Idan babbar fatar lasifikar ta turo waje, to wayar da ta taɓa kan batirin mai alamar ƙari ita ce ja. Na taɓa zuwa wani gida a Idi-Araba inda maigidan ya riga ya canza amfilifaya sau biyu, ashe yara ne suka fizge waya aka mayar da ita a juye.

Bayan haka ka tabbata maɓallin daidaita hagu da dama yana tsakiya, na bes da na siririn sauti su ma suna tsakiya, sannan ka kashe duk wani tsarin da yake iƙirarin faɗaɗa sauti ko mayar da falo kamar silima, domin irin waɗannan da gangan suke wasa da lokaci tsakanin hagu da dama. Abin gwajin da ya fi kowanne shi ne murya ɗaya tilo, ba tare da kiɗa ba: karatun Alƙur'ani wanda ba a cika masa amsa-kuwwa ba, ko labaran rediyo. Irin wannan muryar ya kamata ta tsaya siririya a tsakiya, faɗinta bai wuce na kan mutum ba. Idan ta karkata hagu, ka musanya wayoyin shigar sauti a bayan amfilifaya, na hagu ya koma dama. Idan karkatar ta bi waya ta koma dama, laifin yana wajen abin da kake kunna sautin da shi ko wayarsa. Idan ta tsaya a hagu, ka musanya wayoyin lasifikokin a bayan amfilifaya, daga baya kuma ka musanya akwatunan kansu. Da haka za ka gane ko amfilifaya ce, ko lasifika ɗaya ce ta raunana, ko kuwa ɗakin ne. Akwai gwaji na ƙarshe da nake yi wa manya cikin ladabi: mutum ya juya wa lasifikokin baya. Idan har yanzu a kunne ɗaya yake jin nauyin muryar, to kunnen ne yake bukatar likita, kuma wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya yi shekaru yana aiki kusa da janareto ko injin niƙa.

Inda lasifikokin za su zauna

Ƙa'idar ita ce kai da lasifikoki biyun ku zama kamar duwatsun murhu, tazarar da ke tsakanin kowane biyu iri ɗaya ce, kuma abin da ke gefen hagu ya yi kama da abin da ke gefen dama gwargwadon hali. Ka fara da neman tsakiyar bangon gaba mai faɗin mita 3.6, ka sa alama a ƙasa a mita 1.8, ka dawo da teburin talabijin kan wannan alamar. Daga nan akwai tsari biyu da na lissafa maka da awon ɗakinka.

Tsari na farko shi ne ƙaramar alwatika, kuma shi na fi so maka. Ka sa mita 1.6 tsakanin lasifikokin, ana aunawa daga tsakiyar fuskar ɗaya zuwa tsakiyar fuskar ɗayar, sai ya zama kowace tana da mita 1 zuwa bangon gefenta, hanyar wajen cin abinci kuma ba ta toshe ba. Fuskarsu ta kasance kimanin sentimita 35 daga bangon gaba, wanda zai bar ɗan fili a baya ga lasifikar da take da ramin fitar iska a bayanta. Kunnenka kuma ya kasance mita 1.6 daga kowace, wato wajen mita 1.7 daga bangon gaba. A wannan tsarin sautin da ya daki bangon gefe sai ya ƙara tafiyar kusan mita ɗaya da rabi kafin ya iso, ya zo a makare kuma da rauni, kunne ya riga ya gama yanke hukunci da na kai-tsaye. Amfaninsa a gidan iyali shi ne ba sai an taɓa babbar kujera ba. Kujera ɗaya mara nauyi za ka jawo lokacin da kake son saurare na natsuwa, ka sa ɗan salatif a tayil inda ƙafafunta za su tsaya, in ka gama ka mayar da ita.

Tsari na biyu ya fi faɗi amma ya fi cin wuri: mita 2.2 tsakanin lasifikokin, sentimita 70 zuwa bangon gefe, sentimita 90 daga bangon gaba zuwa fuskarsu, sannan a jawo babbar kujerar har kan mai zama ya zama mita 1.7 daga bangon baya. Wannan sai an yi shawara da uwargida, domin zai sauya fasalin falon gaba ɗaya, kuma lasifikar dama za ta matso bakin hanya. A duka tsarin biyu na kauce wa zama a tsakiyar tsawon ɗakin, wato mita 2.25, na kuma kauce wa bangon baya. Wurin da ya kai kimanin kashi 38 cikin 100 na tsawon ɗaki, daga gaba ko daga baya, shi ne inda masu sana'ar suka saba farawa. Mafari ne kawai, daga nan kunne zai sa ka matsa gaba ko baya da taƙi ɗaya.

Tsayi ma yana da muhimmanci. Ƙaramin bakin da yake fitar da siririn sauti, wanda a kasuwa ake kira tiwita, ya kamata ya zo daidai da kunnenka a zaune, wato tsakanin sentimita 90 da mita 1 a yawancin kujeru, saboda siririn sauti yana tafiya ne kusan a miƙe kamar hasken tocila, kuma shi ne yake ɗauke da mafi yawan bayanin wuri. Ka sauke lasifikokin daga teburin talabijin, domin katakon teburin yana karkarwa tare da su, samansa kuma yana mayar da sauti. Mai walda ko kafinta zai yi maka matokara biyu masu nauyi. Idan na bututun ƙarfe ne a cika cikinsu da busasshen yashi. Fuskar lasifikokin ta ɗan gota gilashin talabijin zuwa gaba, ko da da sentimita 10 ne. Teburin tsakiya mai saman gilashi kuma a gusar da shi gefe lokacin saurare, ko a rufe shi da abu mai kauri.

Batun juya fuskarsu zuwa ciki shi ne inda babu amsa ɗaya. Ka fara da nuna kowace kai-tsaye zuwa kunnenka, ta yadda daga kujera fuskarta kawai kake gani, ba ka ganin gefen akwatin. Wannan yana ba da tsakiya mai kaifi, yana kuma rage abin da yake zuwa bangon gefe. Idan ka ji filin ya yi ƙunci ko sautin ya yi tsini, ka buɗe su kaɗan-kaɗan, duka biyun daidai wa daida, har lokacin da ka ji tsakiyar ta fara narkewa, sai ka koma baya taki ɗaya. A ɗaki mai bangon siminti irin namu na fi samun nasara da juya su ciki sosai, wani lokaci har layinsu ya gicce ɗan gaban fuskar mai saurare, domin hakan yana taimakon wanda ya zauna a gefe ma. Hanya mai sauƙi ta tabbatar da nisa ita ce ka ɗaura zare a bayan kujera daidai tsakiyar kanka, ka ja shi zuwa tiwitar hagu ka sa alama, ka kai shi ta dama. Kada bambancin ya wuce sentimita 1.

Bango, tayil da silin

Gidajen Legas an gina su ne don zafi da danshi: bulo da filasta, tayil, tagogin gilashi masu zamewa, silin mai santsi. Duk waɗannan ɗan kaɗan suke sha daga sautin da ya dake su, sauran dawowa yake yi. Ka tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya. Idan ka ji wata ƙara mai karkarwa ta biyo baya, sauti ne yake kai-komo tsakanin bangaye biyu masu fuskantar juna. Wallace Sabine na Jami'ar Harvard, wanda ya fara wannan ilimin a 1895 lokacin da aka ba shi gyaran wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa, da matasan kujeru ya yi gwaje-gwajensa, ya gano cewa daɗewar sauti a ɗaki ta dogara da girman ɗakin da yawan abin da yake shan sauti a cikinsa. A falon saurare ana son sauti ya mutu cikin kashi 3 zuwa 5 cikin 10 na daƙiƙa. Ɗakinka yana da girman kusan kiyubik mita 49, wato tsawo sau faɗi sau tsayi, kuma bisa lissafin Sabine yana bukatar abin da ya kai kimanin murabba'in mita 20 na cikakken mashayin sauti. Kujerun kushin, labule, kafet da mutanen da ke zaune duk suna cikin wannan lissafin, don haka ba daga sifili za ka fara ba.

Amma don hoton sauti, inda aka sa abin ya fi yawansa muhimmanci, kuma a nan madubi yake shigowa. Ka zauna a wurin saurare, mai taya ka ya manna madubi a bangon hagu daidai tsayin kunnenka, ya riƙa jan sa a hankali daga gaba zuwa baya. Duk inda ka hango lasifika a cikin madubin, nan ne sautinta yake daka ya dawo gare ka, sai a sa alama. A yi haka a bangon dama, a kuma yi a ƙasa. Alamar ƙasa ita ce mafi sauƙin magani: kafet mai kauri tsakaninka da lasifikokin, idan da hali a shimfiɗa wani abu mai laushi a ƙarƙashinsa. Siririyar darduma ba za ta wadatar ba.

Ga bangon gefe, kauri ne ma'auni. Tsawon igiyar sauti mai girgiza sau 10,000 a daƙiƙa, wanda ake rubutawa 10,000 Hz, bai wuce sentimita 3.4 ba, na 1,000 Hz sentimita 34 ne, na 100 Hz kuwa mita 3.4 ne, kuma abu mai laushi yana shan sauti da kyau ne idan kaurinsa ya kusanci rubu'in wannan tsawon. Daga nan za ka gane dalilin da ya sa kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya yin komai sai tara ƙura da kyankyasai, siririn soso mai ƙurajen nan kuma saman sautin kawai yake yankewa, ya bar ɗaki a dushe alhali gurnanin yana nan. Abin da nake yi wa mutane shi ne firam na katako, faɗi sentimita 60, tsayi sentimita 120, kauri sentimita 10, a cika shi da audugar dutse irin ta Rockwool ko audugar gilashi da ake sawa a rufi don tare zafi, a lulluɓe da yadin da iska take ratsawa. Gwajin yadin shi ne ka kai shi bakinka ka hura. Idan iska ta wuce, sauti ma zai wuce. Mai aikin ya sa safar hannu da takunkumi, domin audugar tana sa ƙaiƙayi. A rataye allon ya bar tazarar sentimita 5 tsakaninsa da bango, wanda yake ƙara masa ƙarfin shan sauti mai kauri, yake kuma barin iska ta zagaya. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne a garin da bango yake tsotsar ruwa tun daga Afrilu har Oktoba. Na sha cire soson da aka liƙa da gam na tarar da fumfuna baƙi ƙirin a bayansa. Soson katifa kuma ban yarda a rufe bango da shi ba ko kaɗan, saboda yadda yake kama wuta da irin hayaƙin da yake fitarwa.

Ƙofar wajen cin abinci tana aiki ne kamar mashayin sauti, tunda abin da ya shiga ba ya dawowa da wuri. Saboda haka allon farko bangon hagu zai tafi, don ya yi daidai da buɗaɗɗen wurin da ke dama, sannan a sa labule mai nauyi mai yawan ninki a ƙofar. Idan gidan haya ne kuma mai gida ba ya son a huda bango, a yi wa allon ƙafa ya tsaya da kansa. Bangon baya kuma kanta mai cike da littattafai masu girma daban-daban tana warwatsa sauti yadda ya kamata. Kada ka rufe ko'ina. Ɗakin da aka kashe gaba ɗaya yana gajiyar da mai zama, hira ma ba ta daɗi a cikinsa.

Gurnanin bes

A nan ne zan gaya maka gaskiya cewa gyaran yana da iyaka. Kowane ɗaki yana da sautukan da yake kumburawa, kamar yadda tulu yake amsawa idan aka hura bakinsa, kuma ana samun na farkonsu ta hanyar raba 343 da ninkin tazarar bangaye biyu. Tsawon falonka yana ba da kusan 38 Hz, faɗin 48 Hz, tsayin 57 Hz, sai kuma ninkinsu, 76, 95 da 114. Waɗannan sautukan sun fi ƙarfi a jikin bango, sun fi ko'ina ƙarfi a kusurwa, na farkonsu kuma yana kusan ɓacewa a tsakiyar ɗaki. Kai ka sa lasifika a kusurwa, ka sa kanka a jikin bango, wato ka haɗa wurare biyun da suka fi kumbura bes. Ka kunna kiɗa mai bes ka taka a hankali daga bangon baya zuwa gaba, za ka ji da kunnenka yadda yake hawa da sauka. Idan dole ne babbar kujerar ta zauna a baya, ko jawo ta da sentimita 40 zai rage abin, musamman idan aka sa allo mai kauri a bayan kai.

Akwai kuma ramin da bangon gaba yake haƙawa. Bes yana fita ta kowane ɓangare na akwati, wanda ya tafi baya ya daki bango ya dawo yana soke na gaba a sautin da rubu'in tsawonsa ya yi daidai da nisan fuskar lasifika daga bangon. A sentimita 90 ramin yana faɗawa wajen 95 Hz, inda allo ba ya iya cike shi sosai. A sentimita 35 yana hawa zuwa wajen 245 Hz, inda allo mai kaurin sentimita 10 a bayan lasifika yake taimakawa. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa na fifita tsari na farko. Kusanci da bango zai ƙara yawan bes, sai ka rage shi kaɗan daga amfilifaya, ko ka cusa ɗan soso a ramin iskar akwatin. Idan nan gaba ka sayi akwatin bes na daban, ka tsayar da shi a 80 Hz ko ƙasa, domin a ƙasa da nan kunne ba ya iya nuna inda sauti ya fito, don haka ba zai ja hoton gefe ba. Duk da haka, a ɗakin bulo mai wannan girman bes ba zai taɓa zama daidai a kowace kujera ba, sai da manyan mashaya masu cin kusurwoyi, waɗanda falon iyali ba ya ɗauka.

Hayaniya, maƙwabta da sauran iyakoki

Zurfin hoton sauti, wato jin cewa wani abu yana gaba wani yana baya, yana cikin ƙananan sautuka ne, kuma su ne farkon abin da ƙarar janareto, na'urar sanyaya ɗaki da hayaniyar titi suke binnewa. Fankar sama tana ƙara nata, domin fukafukanta suna yanka sautin da yake komowa daga silin, ka ji murya tana ɗan rawa. Ka yi gwaje-gwajenka a lokacin da unguwa ta yi tsit, fanka a kashe. Zama kusa, kamar yadda tsari na farko ya tanada, yana ba ka damar jin komai ba tare da ƙure maɓalli ba, wanda alheri ne ga maƙwabta. Ka sani kuma allunan nan gyaran cikin ɗaki suke yi, ba sa hana sauti ratsa bango zuwa gidan wani. Wannan aiki ne na gini da nauyin bango da toshe kafofin ƙofa da taga.

Sitiriyo na lasifika biyu mutum ɗaya yake yi wa cikakken aiki, wanda ya zauna a kan layin tsakiya. Wanda ya gusa da rabin mita zai ji muryar ta bi shi zuwa lasifikar da ta fi kusa, kuma babu amfilifayar da za ta canza wannan. Haka kuma ba kowane abin da aka ɗauka ne yake da hoton da za a fitar ba: tsofaffin kaset da yawancin abin da ake turawa ta WhatsApp ko dai layi ɗaya aka ɗauke su, ko an matse su har sun rasa ƙananan bayanai. Lissafin da na ba ka kuma na ɗaki mai kusurwa huɗu ne a rufe, buɗaɗɗiyar ƙofarka za ta ɗan gusar da lambobin, shi ya sa kunnenka ne zai yi gyaran ƙarshe. Ka riƙa canza abu ɗaya a lokaci guda, ka saurari murya ɗaya da kiɗa ɗaya da ka sani sosai, ka sa alamar salatif kafin ka matsar da komai domin ka iya komawa. Idan kana son ganin abin da ido, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna REW, wadda ake haɗawa da makirfon awo irin UMIK-1 na kamfanin miniDSP, za ta zana maka inda ɗakin ya kumbura da inda ya rame. Amfilifaya kuwa alamar gazawarta daban ce: sauti ya fara tsagewa ko ya yi kaushi idan ka ƙara murya, ta yi zafi har ta kashe kanta, ko gwajin musayar waya ya nuna ɓangare ɗaya ya fi ɗaya rauni. Idan ba ka ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuɗin ya tafi ga matokara biyu, kafet mai kauri, labulen ƙofar da allo biyu ko uku, ka fara da na bangon hagu.